Waiwaye: Yadda dalma ta biyo kayan gwanjo zuwa Garwa da Marwa

Ana ta ja-in-ja a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru kan masu ƙona wayoyin lantarki a bayan gari da masu fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Wasu na cewa a tashe su, wasu na cewa a hana shigo da kayan lantarki na gwanjo gaba ɗaya, 'yan gwangwan kuma na tambaya: to mu me za mu ci? Mai sauraro sai ya ɗauka bana matsalar ta ɓullo, alhali da yawa daga yaran da ke hura wutar ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da ta samo asali.

Farkon labarin sananne ne. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na Najeriya. Duniya ta ɗau zafi, aka ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe a 1989, ƙasashen Afirka suka ga ba ta wadatar ba, suka ƙulla tasu a Bamako a 1991 wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar. Kamaru ta yi dokarta a ƙarshen 1989, sannan dokar muhalli ta 1996 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da shara mai guba. Dukkansu ganga suke hange: jirgi ya zo a ɓoye, ya sauke, ya gudu.

Shekarar da nake ganin ya kamata a tsaya a kanta ita ce 2006. A watan Agustanta aka zubar da dattin jirgin ruwa mai guba a Abidjan, mutane suka mutu, dubbai suka cika asibitoci, hankalin kowa ya koma can. Amma tun ranar 1 ga Yuli wata doka ta fara aiki a Tarayyar Turai, kuma a nan arewa ba wanda ya ji motsinta. Ana kiranta RoHS. Ta taƙaita abubuwa 6 a cikin sabbin kayan lantarki: dalma, zaiba, kadmiyom, wani nau'in kuromiyom, da magunguna 2 da ake gauraya wa roba don kada ta kama wuta. Iyakar da ta sa ita ce kashi 0.1 cikin 100 na nauyin kowane sinadarin da aka ƙera kayan da shi, kadmiyom kuma kashi 0.01.

Doka ce mai kyau, ta kare rayuka. Sai dai ƙofar shiga kasuwarsu ta tsare. Abin da aka riga aka sayar kafin ranar, miliyoyin talabijin da kwamfutoci da firiji, yana nan a gidaje da dalmarsa. Kuma a daidai waɗannan shekaru ne talabijin shafal ta kori mai ƙeya, gidaje suka yi ta fitar da tsofaffin. Talabijin mai ƙeya babba na iya ɗauke da dalma fiye da kilo 1 a cikin gilashinta. Idan an kira ta shara, Basel da Bamako sun tare ta. Idan tana kunnuwa, ko an rubuta cewa tana kunnuwa, ta zama kayan gwanjo, halas ne cinikinta. Ta wannan 'yar tazara kwantenoni suka yi ta sauka a Duwala, kaya suka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, suka bi mota zuwa Garwa da Marwa da Kusuri, wasu suka ƙetare gada zuwa Injamena. Wasu kuma ta iyakar Najeriya suka shigo.

Mu kuma muka karɓa hannu bibbiyu, kuma ban ga laifin kowa a nan ba. Magidancin da ba zai iya sabuwa ba ya samu ta kallon ƙwallo, amarya ta samu firiji. Abin da ba a lissafa ba shi ne kayan da ya ci shekara 10 a wani gida saura kaɗan ya rage masa, ga zafin watan Afrilu, ga ƙura, ga wuta mai hawa da sauka. A hannunmu yake mutuwa, mu ne da gawar.

Akwai wani reshe na abin da ya faru a 2006 da ba a cika faɗa ba. Masana'antu sun koma lika sassan na'ura da haɗin da babu dalma don kayan da za su Turai. Kayan da aka ƙera don kasuwar da ba ta tambaya ba, wannan doka ba ta hau kansa ba, ko da sabo ne fil a kwali. Shiga rumfar mai gyaran waya ko rediyo, za ka iske da yawa har gobe da haɗin kuza da dalma suke liƙi, don ya fi araha kuma ya fi saurin narkewa, a wajen digiri 183. Da hannun nan ake cin ƙosai, yaron shago na gefe.

Daga baya batir ya shigo lissafi. A shekarun da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci a arewa, gidaje da shaguna suka rungumi sola, ga baburan haya da suka cika gari. Batirin sola mai araha da na babur dalma ce da ruwan asid, kuma dokar RoHS ba ta shafi batura ba, nasu tsarin daban ne. In ya mutu sai a fasa da gatari, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a narka dalmar ko a tara a sayar da kilo. Mun san ƙarshen wannan sana'a a nan Afirka: a Thiaroye da ke gefen Dakar yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalmar batir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotse ta ninki 4 zuwa 5 na babba. Ba ta cika yin ihu ba, ƙwaƙwalwa take ci a hankali, sai a ce yaro ba ya gane karatu.

A 2012 Kamaru ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan kayan lantarki da sharar su, tana cikin na gaba-gaba a Afirka. Wuraren sarrafawa na farko a kudu aka buɗe su, fiye da kilomita 1,000 daga Marwa, kuma kuɗin motar gawar talabijin ya fi abin da za a samu a cikinta. Daga 1 ga Janairun 2025 gyaran da aka yi wa Basel ya wajabta neman izinin ƙasa kafin a tura mata kowace irin sharar lantarki. Na'urar da ke aiki, ko da numfashinta na ƙarshe take ja, har yanzu ba shara ba ce a idon wannan gyara, kuma ita ce ke cika rumfunan gwanjo daga Ngaundare zuwa Kusuri.