Sanyin Hunturu Ba Ya Ƙone Kitse

An daɗe ana cewa da hunturu jiki yana ƙone abinci da sauri, don haka mutum ya ci maiƙo son ransa. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin makyarkyata tana cin ƙarfin jiki. Sai dai wanda ya sa rigar sanyi, ya lulluɓa da bargo, ya tasa kaskon garwashi a gaba, ai ba makyarkyata yake yi ba. Abin da jikinsa ke ƙonewa bai wuce na sauran lokuta da wani abin kirki ba.

Ta kofin shayi da suya ƙibar take shigowa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Shayi sau uku a rana, kowane da ƙaramin cokali huɗu na sukari, cokali 12 ke nan, kimanin giram 50, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa babba a yini. Ba a ma lissafa madarar gwangwani da ƙosai ba, ga zirga-zirga ta ragu saboda hazo.

A mayar da sukarin cokali ɗaya, citta da kanumfari su cike gurbin ɗanɗano. A yi tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, bayan hantsi ya dubi ludayi, da takunkumi idan ƙura ta yi yawa.

Sanyi yana kuma dushe ƙishirwa, alhali busasshiyar iska tana zuƙe danshin jiki. Idan fitsari ya yi duhu, a ƙara shan ruwa, ko da mai ɗumi ne.