Fiyano da kwamfuta a kan dandamali: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Sauti ne ke bi ta wayar USB zuwa kwamfuta?

Galibi a'a. Saƙo ne kawai, sunansa MIDI, tun 1983 ake amfani da shi. Ka taɓa maɓalli, fiyano ya aika lambarsa da ƙarfin da ka buga shi, daga 0 zuwa 127. Manhaja ce ke zaɓar kayan kiɗan da zai amsa.

MainStage (manhajar kiɗa a kan dandamali) zai yi a Windows?

Ba zai yi ba, na Mac ne. Nemi Cantabile ko Gig Performer.

Na danna, shiru.

Duba tasha. MIDI tashoshi 16 gare shi. In kana aikawa ta 1, kayan kiɗan na sauraron ta 2, har gobe shiru za ka ji. Kwantar da hankalinka, ba abin da ya lalace.

Na sauya sauti ana tsakiyar waƙa, sai wani ya maƙale yana ta kuka. Me ya jawo?

To, wannan sai an zauna. Duk maɓallin da ka taɓa saƙo biyu yake aikawa, na dannawa da na saki. In ka sauya sauti yatsanka na kai, mai yiwuwa saƙon sakin ya tafi wa sabon kayan kiɗa, tsohon kuwa ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Manhajoji da yawa sun iya magance wannan da kansu, amma ya danganta da yadda ka shirya su, kuma ba kowane kayan kiɗa ke bin umarni ba. Wani lokaci kuma fedar riƙe sauti ce: wasu fiyanon, in ka kunna su ƙafarka na kan feda, sai ta juye, sakewa ya zama takawa. Ko kuma wayar ce ta yi sako-sako, saƙo ya ɓace a hanya. Ba zan rantse maka da ɗaya ba sai na ga kayanka. Amma don Allah ka ɗaura Panic, wato umarnin da ke kashe duk sauti nan take, a wani maɓalli kusa da hannunka tun a gida. Ba a gaban jama'ar biki ake lalube ba.

Sauti biyu nake ji, na fiyanon da na kwamfuta.

Kashe Local Control, saitin da ke sa fiyanon ya fitar da nasa sautin in ka taɓa maɓalli. Yana cikin littafin fiyanonka, wanda na san ba ka buɗe ba.

Sautin yana makara kafin ya fito.

Rage buffer, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 128. In ya soma ƙarar tas-tas, koma 256.