Sepiya: launin da ya fito daga teku

Duk mai gyara hoto a waya ya taɓa cin karo da kalmar sepiya, wato launin nan ruwan ƙasa mai ɗan ja-ja da ke sa sabon hoto ya koma kamar na zamanin kakanni. Kalmar ta Girkanci ce, sunan wata halittar teku mai taushin jiki da hannuwa goma, wadda ke fesa baƙar tawada idan ta ji haɗari don ta ɓace wa mai farautarta. Wannan tawadar ake busarwa, a sarrafa ta, ta zama launin zane.

A farkon ƙarni na 19 masu zanen filaye da tsaunuka a Ingila sun rungume ta sosai. Kafin nan akwai bista, launin da ake haɗawa da kunkunniyar itace, ɗan'uwan tawadar allo ke nan in ka duba da kyau. Sepiya ta zo ta ture shi.

Yadda ake aikin shi ne abin sha'awa. Launi ɗaya tak ke gaban mai zane, sai ruwa da buroshi. In ya tsinka launin da ruwa mai yawa, ya samu hazo da dutsen da ke can nesa. In ya bar shi da kauri, ga gindin bishiya da inuwar gada. Fari kuwa ba a shafa shi, takardar ce ake bari tsirara, don haka tun kafin buroshi ya sauka dole mutum ya san inda rana za ta faɗa. Wurin da ya riga ya yi duhu da wuya ya sake yin haske. A ganina nan ne ake gane gwani, domin babu kore ko shuɗi da zai rufa masa asiri.

Turner, shahararren mai zane na Ingila, ya yi irin waɗannan zane masu ruwan ƙasa a matsayin samfurin Liber Studiorum, jerin hotuna 71 da aka buga tsakanin 1807 da 1819. John Sell Cotman, mai zane mutumin Norwich ta Ingila, ya je Normandi ta ƙasar Faransa a 1817, 1818 da 1820, ya dawo da zanen tsofaffin majami'u da ganuwa. Shi kuwa Samuel Palmer, a 1825 yana ɗan shekara 20, ya gauraya sepiya da ƙaro har layukan suka yi tudu suna sheƙi. Zane shida da ya yi haka suna gidan tarihi na Ashmolean a Oxford.

Tsofaffin hotunan kyamara waɗanda waya ke kwaikwayo fa babu ɗigon tawadar teku a cikinsu. Sinadari ake sa wa azurfar da ke jikin hoton don ya daɗe bai lalace ba, sai launin ya fito kama da na masu zane, ya gaji sunan.