Zaɓen Makami a Wasannin Bidiyo na Yaƙi

Zaɓen makami a wasannin bidiyo na yaƙi shi ne shawarar da ɗan wasa ke yankewa kan bindigar da zai riƙe, da ƙaramar da zai soke a ƙugu, da gurneti da sauran kayan da zai shiga fage da su. A yawancin wasannin harbi ana yin wannan zaɓi kafin a fara karawa, a wasu kuwa sai an sauka fagen sannan a tsinci abin da aka tarar. Masu ƙera wasannin ba sa barin makami ɗaya ya fi kowane ta kowace fuska: duk bindigar da aka ƙara wa ƙarfi ta wani gefe, an rage mata ta wani.

Asali

Wolfenstein 3D na 1992 yana cikin wasannin farko da suka ɗora ɗan wasa a idon mai riƙe da bindiga, sai dai zaɓi a cikinsa bai taka kara ya karya ba, wuƙa ce da bindigogi uku. Medal of Honor ya fito a 1999, Battlefield 1942 a 2002, Call of Duty kuma a 2003, dukkansu a kan Yaƙin Duniya na Biyu. Battlefield 1942 ya raba sojoji gida biyar: mai leƙen asiri, mai kutsawa, mai fasa tanka, likita da injiniya, kowa da makamin aikinsa. Babban sauyi ya zo a 2007, lokacin da Call of Duty 4: Modern Warfare ya bai wa ɗan wasa damar haɗa kayansa da kansa. Black Ops II na 2012 ya ƙayyade gurabe goma, ka cika su yadda ka ga dama, sannan Modern Warfare na 2019 ya kawo Gunsmith, inda ake sauya wa bindiga baki da gindi da kurtu da madubin hange. Call of Duty: Mobile da ya fito a watan Oktoban 2019 shi ya saukar da wannan al'ada cikin wayoyin matasa.

Rukunan makamai

Doguwar bindiga mai ɗana hannu ita ce ta sojan ƙasa a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Kar98k ta Jamus da Mosin-Nagant ta Rasha harsashi 5 suke ci, Lee-Enfield ta Ingila kuwa 10. Wannan ta ƙarshen ita ce sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, cikinsu da Hausawa masu yawa, ko da yake ba kasafai wasannin ke tunawa da su ba. A wasa, irin wannan bindiga na kayar da mutum da harbi ɗaya ko biyu daga nesa, amma bayan kowane harbi sai an ja an ɗana. Wanda ya kuskure a kusa ya zama mai harba-ka-ruga, kuma sau da yawa ba ya samun damar rugawar.

M1 Garand ta Amurka tana cin harsashi 8, tana fita duk lokacin da aka ja kunama ba sai an ɗana ba. Idan ta ƙare, ƙarfen da ke riƙe harsasan yakan yi tsalle da wata ƙara da duk ɗan wasa ya sani.

Ƙananan bindigogi masu aman harsashi su ne na lungu da cikin gini. MP40 tana da kurtu mai 32, tana fitar da kusan 500 a minti, shi ya sa ba ta fiye tsalle a hannu ba. PPSh-41 ta Rasha tana da ganga mai 71 kuma ta kusa ninka ta sauri. Thompson ta Amurka harsashinta ya fi kauri. Dukkansu da zarar tazara ta yi nisa ƙarfinsu ya zube. StG 44 da Jamus ta fitar gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, mai kurtun 30, ita ce ta tsaya tsakanin doguwar da gajerar, kuma daga irin tunaninta ne rukunin su AK-47 ya bunƙasa. A wasannin zamani wannan rukuni ne sabon shiga ya fi dacewa ya fara da shi, don ba ya kunyata mai shi a kusa ko a matsakaicin nisa.

Mai jigida irin MG42, da ke aman kimanin 1,200 a minti, ta tsare hanya ce. Nauyinta na rage wa mai ita gudu, ɗurinta kuma na cin lokaci. Baushe mai watsa ƙwayoyi ba ta da amfani sai a bakin ƙofa.

Lissafin da ke ƙarƙashin zaɓi

Abin da gwanaye ke dubawa shi ne tsawon lokacin da bindiga ke ɗauka kafin ta kayar da abokin karawa. A ɗauka ɗan wasa na da makin rai 100, wanda in ya ƙare ya faɗi. Bindigar da kowane harsashinta ke cire 25 tana buƙatar huɗu. In tana fitar da 600 a minti, tsakanin na farko da na huɗu daƙiƙa 0.3 ce. Wata mai cire 34 tana buƙatar uku kacal, don haka ko da 500 take fitarwa a minti, za ta gama a daƙiƙa 0.24. Wato mai jinkirin ta riga mai saurin. Amma in nisa ya rage ƙarfin ta biyun zuwa 30, sai ta buƙaci na huɗu, lissafin ya juye. Kuskuren harsashi ɗaya ma ya fi yi wa mai jinkirin illa.

A kan wannan ake ɗora sauran: tsallen bindiga bayan harbi, saurin ɗaga ta zuwa ido, lokacin ɗura kurtu, da ƙarin lahani in an sami kai. Kayan ƙari ma ciniki ne. Dogon baki na ƙara nisa ya rage saurin saiti, babban kurtu na ƙara nauyi, abin kashe ƙara na ɓoye mai harbi daga taswirar allo da ke nuna wa abokan karawa inda aka yi harbi amma a wasanni da dama yana rage nisa. A jerin Battlefield harsashi na tafiya a iska yana sunkuyawa, dole mai harbin nesa ya ɗaga saiti ya kuma sha gaban mai gudu. A tsofaffin Call of Duty kuwa inda ka nuna nan take yake sauka.

Wasa da tarihi

Kada a ɗauki alkaluman wasa a matsayin na bindigar gaske. Battlefield 1 na 2016 ya cika fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya da bindigogi masu aman harsashi, alhali MP18 sai a 1918 ta shiga yaƙi, Hellriegel kuwa samfurin gwaji ce da hotuna kawai aka san ta da su. A PUBG, Kar98k na cin harsashi mai kaurin milimita 7.62 tare da AKM, ɗaya daga dangin AK-47, ta gaske kuwa mai 7.92 take ci. Kamfanonin kuma kan rage wa bindiga ƙarfi ko su ƙara mata a kowane sabon zango da suke sabunta wasan, don haka wadda kowa ke yayi a wannan wata tana iya zama ta baya a wata mai zuwa.

A tsakanin 'yan wasan Jos

A shagunan gem da majalisun matasa na Unguwar Rogo, Gangare da Dilimi, da ɗakunan ɗalibai ta hanyar Bauchi, a waya aka fi buga wasannin harbi: Call of Duty: Mobile, PUBG Mobile da Free Fire. A nan na'ura da intanet suna da ta cewa a zaɓen makami ba ƙasa da taswira ba. Idan saƙo na jinkiri tsakanin waya da sabar, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasan, abokin karawa ya riga ya gusa daga inda ake ganinsa, kuma mai sinaifa, wato bindigar harbin nesa, wanda ya dogara da harbi ɗaya, shi ya fi shan wahala. Haka in wayar ta yi zafi hoto ya fara sarƙewa, ko da yake sanyin Jos kan ɗan taimaka. Shi ya sa mai ƙaramar waya ya fi cin riba da bindiga mai babban kurtu da ƙarancin tsalle. Mai wasa da babban yatsa biyu ba zai iya tafiya da saiti da harbi da tsalle lokaci guda ba. Masu wasa da yatsu huɗu su ne ke iya juya sinaifa a kusa.

Akwai kuma batun tawaga. Mutum huɗu duk da sinaifa a kan tudu ba za su karɓe tutar da ke nuna an kame wurin da ake fafatawa a kai ba. A wasannin da ake sauka a tsinci makami, inda ake riƙe manyan bindigogi biyu, abin da aka saba shi ne ɗaya ta kusa ɗaya ta nesa, kuma 'yan tawaga kan raba nau'in harsashi don kada su yi ta rububin iri ɗaya. Fentin bindiga da ake saye da kuɗi a Call of Duty: Mobile ko PUBG Mobile ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi, duk da haka a kansa ake kashe kuɗin, kuma ba wuya ka ji an ce wa mai shi, “Kai malam, ga kwalliya, ina aikin?”