Gari Ɗaya, Littafi Ɗaya

Gari Ɗaya, Littafi Ɗaya suna ne da ake kiran wani tsarin karatun haɗin gwiwa da ɗakunan karatu na jama'a ke shiryawa, inda ake zaɓen littafi guda a gayyaci mutanen gari su karanta shi a lokaci ɗaya, sannan a riƙa haɗuwa ana tattauna abin da ke cikinsa. Tsarin ya samo asali ne a birnin Seattle na ƙasar Amurka a shekarar 1998, kuma cikin shekaru kaɗan ya bazu zuwa ɗaruruwan garuruwa a Amurka, ya tsallaka Kanada da Turai. Sunansa yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, amma ƙashin bayansa ɗaya ne: littafi guda, lokaci ƙayyadadde, da zaman hira tsakanin mutanen da ba lallai ne sun taɓa sanin juna ba.

Abin da ya raba shi da ƙungiyar masu karatu ta abokai shi ne ƙofarsa a buɗe take. Ba a rajista, ba a biyan ko sisi, ba kuma wanda zai tambaye ka ko ka kai ƙarshen littafin.

Asali

Wadda ake jingina wa tsarin ita ce Nancy Pearl, ma'aikaciyar laburare da a lokacin ke shugabantar cibiyar littafi ta jihar Washington, wadda a wancan zamani ke ƙarƙashin babban ɗakin karatun jama'a na Seattle. Ita da abokiyar aikinta Chris Higashi suka fito da shirin da suka raɗa wa suna da wani zance mai ma'anar "da a ce duk mutanen Seattle za su karanta littafi ɗaya". Kuɗin farawa ya fito ne daga gidauniyar Lila Wallace-Reader's Digest.

Littafin da suka fara da shi shi ne The Sweet Hereafter na Russell Banks, wanda ya fito a 1991. Zaɓin ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna abin da masu shirin ke nema tun farko. Labari ne na wani ƙaramin gari da motar 'yan makaranta ta yi hatsari, yara da yawa suka mutu. Mutum huɗu ne ke ba da labarin, kowa da bakinsa: matar da ke tuƙa motar, wani uba da ya rasa 'ya'yansa, lauyan da ya zo daga birni yana neman a kai ƙara, da wata yarinya da ta tsira amma ta rasa ikon tafiya da ƙafafunta. Littafin bai yanke wa kowa hukunci ba. Duk wanda ya karanta sai ya tashi da nasa ra'ayin a kan wa ke da laifi, ko ma akwai mai laifin, kuma irin wannan littafi ne ke sa zaman tattaunawa ya yi armashi. Banks da kansa ya je Seattle ya zauna da masu karatu. Tun daga nan gayyato marubuci ta zama al'adar shirin, wanda daga baya aka gajarta sunansa zuwa Seattle Reads.

Tsarin bai faɗo daga sama ba. Shekara biyu kafin nan, a 1996, Oprah Winfrey ta fara zaɓen littafi a shirinta na talabijin, ta kuma nuna cewa ana iya sa dubban mutane su karanta abu ɗaya a wata ɗaya. Abin da Seattle ta ƙara shi ne ta sauko da lamarin daga akwatin talabijin zuwa unguwa, inda mutane ke kallon juna ido da ido.

Yaɗuwa

Shikago ce ta yi wa tsarin suna a duniya. A kakar shekarar 2001, zamanin magajin gari Richard M. Daley da shugabar ɗakunan karatun birnin Mary Dempsey, aka ƙaddamar da One Book, One Chicago da littafin Harper Lee mai suna To Kill a Mockingbird, labarin wani lauya farar fata da ya tsaya wa baƙar fatar da aka yi wa ƙazafi a kudancin Amurka. Da yake hukumar birni ce ta ɗauki abin a kafaɗarta, jaridu suka yi ta yayata shi, sauran birane kuma suka bi sahu. A 2002 birnin Los Angeles ya karanta Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, a 2003 Philadelphia ta fara nata. A wannan shekarar ce ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fitar da littafin jagora ga masu son shirya irinsa, cibiyar littafi ta Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kuma ta riƙa adana jerin garuruwan da littattafan da suka zaɓa.

Gwamnatin tarayyar Amurka ta shigo ne ta wata ƙofa. A 2004 hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasa, a ƙarƙashin mawaƙi Dana Gioia, ta fitar da rahoton Reading at Risk, wanda ya nuna cewa manyan Amurkawa masu karanta adabi sun ragu daga kashi 56.9 cikin ɗari a 1982 zuwa kashi 46.7 a 2002. Martanin hukumar shi ne shirin The Big Read, da aka gwada a garuruwa goma a 2006 kafin a faɗaɗa shi zuwa ƙasa baki ɗaya a 2007. Hukumar na ba ɗakunan karatu da ƙungiyoyi tallafin kuɗi, su kuma su zaɓi littafi daga jerin da ta tanada.

A wajen Amurka kowane birni ya yi wa tsarin nasa ɗinki. Vancouver ta Kanada ta fara a 2002. Vienna, babban birnin Ostiriya, ta fara a shekarar ita ma, sai dai nata salon rabo ne: ana buga kwafi 100,000 na littafin shekara a raba kyauta. Bristol ta Ingila ta karanta Treasure Island a 2003, Edinburgh ta karanta Kidnapped a 2007, dukansu na Robert Louis Stevenson, ɗan asalin Edinburgh. Dublin ta fara a 2006, tana yin nata a watan Afrilu, kuma sharaɗinta shi ne littafin ya kasance yana da alaƙa da birnin, abin da ya sa shirin ya zama wata hanyar tallata marubutan gida.

Yadda ake gudanar da shi

Galibi kwamiti ne ke zaɓen littafin, wanda ya ƙunshi ma'aikatan laburare, malamai, masu sayar da littattafai da wasu mutanen gari. Wasu wuraren kwamitin ya tace 'yan littattafai ya bar wa jama'a su kaɗa ƙuri'a. Bayan sanarwa, laburare na sayen kwafi masu yawa ya rarraba wa rassansa, a buga ƙaramin littafin jagora mai ɗauke da tarihin marubucin da tambayoyin da za a taso da su. Lokacin shirin kan kama daga makonni kaɗan zuwa watanni. A ciki ana zaman tattaunawa a rassan laburare da makarantu da shagunan littattafai da wuraren shan kofi, ana nuna fim idan an mayar da littafin fim, ana laccoci, a ƙarshe marubucin ya zo idan yana raye kuma aljihu ya iya ɗaukar kuɗin gayyatarsa.

Akwai sharuɗɗan da ba su da alaƙa da daɗin labari amma su ne ke yanke hukunci. Dole littafin ya kasance yana kasuwa, da bugu mai arha, kuma an fi son wanda ke da bugu mai manyan haruffa don tsofaffi, da na saurare don makafi, da fassara zuwa harsunan baƙin da ke zaune a garin. Kada ya yi tsawon da zai kori ma'aikaci mai dawowa gida a gajiye, kada kuma ya yi sauƙin da babu abin cewa a kansa.

Rigimar zaɓen littafi

Nan ne gizo ke saƙar. Littafin da zai yi wa kowa daɗi sau da yawa ba shi da abin tattaunawa, wanda ke da abin tattaunawa kuma ba ya rasa wanda zai ɓata wa rai. Misalin da aka fi kawowa shi ne na New York a 2002. Kwamitin ya rabu tsakanin Native Speaker na Chang-rae Lee da The Color of Water na James McBride, aka yi ta ja-in-ja kan wanne ne zai sosa wa wata al'umma rai da wanne ya dace da ɗaliban sakandare, har shirin ya wargaje ba a karanta komai tare ba. Sai bayan shekara goma sha biyar, a 2017, birnin ya sake gwadawa. Wannan karon aka bar wa jama'a zaɓi tsakanin littattafai biyar, suka zaɓi Americanah na marubuciyar Nijeriya Chimamanda Ngozi Adichie. Ba ita kaɗai ce 'yar Afirka da irin wannan shiri ya ɗauka ba. Seattle ta karanta littafin Dinaw Mengestu, haifaffen Habasha, a 2008, da Homegoing na Yaa Gyasi, haifaffiyar Gana, a 2018.

Jami'o'i ma suna da irin nasu, inda ake ba sababbin ɗalibai littafi ɗaya kafin su shigo. A 2002 Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta zaɓi littafin Michael Sells mai ɗauke da fassarar wasu surorin Alƙur'ani na farkon wahayi. Wata ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin riƙau ta kai ƙara kotu don a hana, kotu ta ƙi dakatar da shirin, aka yi zaman tattaunawar.

Suka da muhawara

Masanin adabi Harold Bloom na daga cikin waɗanda suka kushe tsarin tun farko. A ganinsa karatu abu ne tsakanin mutum da littafinsa, har ya kwatanta karatun gayya da a ce mutanen gari su fita gaba ɗaya su ci abincin kanti iri ɗaya. Wasu kuma damuwarsu ita ce irin littattafan da ake ta maimaitawa. Garuruwa da yawa sun karkata ga labaran wariyar launin fata da ƙaura da haƙuri da juna, kamar dai littafi magani ne da hukuma ke rubuta wa jama'a. Abin lura shi ne Nancy Pearl da kanta ta ja kunne a kan haka, tana cewa shirin na laburare ne kuma a kan adabi yake, ba a ƙirƙire shi don koyar da zama ɗan ƙasa nagari ko ɗinke ɓarakar launin fata ba. Amma da wuya magajin gari ya saki kuɗi don a ji daɗin jimla mai kyau kawai, shi ya sa wannan ja-in-ja tsakanin ma'aikacin laburare da mai riƙe da lalita bai taɓa ƙarewa ba.

Auna nasara ma yana da wuya. Ana iya ƙirga sau nawa aka ari littafin, kwafi nawa aka sayar, mutum nawa suka halarci zama. Abin da ba a iya ƙirgawa cikin sauƙi shi ne ko shirin ya jawo wanda ba ya karatu, ko kuwa masu karatun da ma ne suka sake haɗuwa. Danielle Fuller da DeNel Rehberg Sedo, waɗanda suka yi nazarin irin waɗannan shirye-shirye a Amurka da Kanada da Birtaniya suka wallafa sakamakon a 2013, sun mai da hankali ne kan abin da mutane ke nema a tarukan bayan littafin kansa, wato haɗuwa da jama'a, ganin marubuci a fili, da jin cewa ana cikin wani abu tare.

Zamanin intanet

Littafin lantarki ya warware wata tsohuwar matsala, ta layin jira. A 2013 kamfanin OverDrive, mai ba ɗakunan karatu littattafan lantarki, ya fara Big Library Read, inda ake sakin littafi ɗaya na wasu makonni ta yadda duk mai katin laburaren da ke cikin shirin zai iya ara nan take, komai yawan masu nema. Annobar korona ta 2020 kuma ta tilasta wa garuruwa da dama mayar da zaman tattaunawa da ganawa da marubuci zuwa intanet. Bayan an sake buɗe ƙofofi, wasu ɗakunan karatu sun ci gaba da haɗa biyun, ana zama a zaure ana kuma watsa taron kai tsaye ga waɗanda ke gida.