Lissafin Wutar Lantarki a Rahoton Ɗorewar Kamfanoni

Rahoton ɗorewa takarda ce da kamfani ke fitarwa duk shekara domin bayyana tasirin ayyukansa kan muhalli da jama'a. Sashen makamashi na cikin wannan rahoto yana nuna yawan man fetur da dizal da gas da wutar lantarki da kamfanin ya ci, da kuma kason da ya fito daga hasken rana ko iska ko ƙarfin ruwa. Ma'aunin GRI 302 na shekarar 2016, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ba da rahoton makamashi, na cikin waɗanda aka fi bi, kuma ana ba da adadin ne da ma'aunan makamashi irin su jul ko megawat-awa.

Tsarin lissafin hayaƙin kamfanoni mai suna GHG Protocol, wanda aka fara wallafawa a 2001, ya kasa hayaƙi mai ɗumama yanayi gida uku. Na farko shi ne wanda kamfani ya ƙona da kansa, na biyu na wutar da ya saya, na uku kuma na masu kawo masa kaya da masu amfani da hajarsa. Kaso na biyu ne ya fi jawo gardama. Tun 2015 ake neman kamfani ya ba da lissafi iri biyu: ɗaya bisa ainihin wutar da ke bin layin yankin da yake, ɗaya bisa kwangiloli da takardun shaidar da ya saya.

Takardar shaida ɗaya tana wakiltar megawat-awa ɗaya na wuta mai tsafta, kuma ana iya sayar da ita dabam da wutar. Misali, Norway na samun mafi yawan wutarta daga madatsun ruwa, tana kuma sayar da takardun ga sauran ƙasashen Turai. Masana'antar da ke jan wutar kwal za ta iya sayen su ta rubuta sifili a littafinta, alhali hayaƙin da ke tashi daga tashar kwal ɗin bai ragu ko kaɗan ba. Doka ba ta hana ba, amma mai karatu da ya tsaya kan lissafi na biyu kaɗai zai yaudari kansa. Kwangilar sayen wuta ta shekaru masu yawa, wadda ke sa a gina sabuwar tasha, ta fi takarda zalla nauyi nesa ba kusa ba.

Google misali ne mai kyau. Tun 2017 yake sayen makamashi mai sabuntawa daidai da abin da yake ci a shekara. Sai dai rana takan faɗi, iska takan tsaya, cibiyoyin adana bayanai kuwa ba su barci. Shi ya sa a 2020 ya ɗauki alkawarin yin aiki da wuta marar hayaƙi kowace awa nan da 2030. Da aka auna da wannan mudun, a 2023 kashi 64 cikin ɗari kawai ya samu, jimillar hayaƙinsa kuma ta ƙaru da kashi 48 cikin ɗari a kan na 2019. Gamayyar RE100, da aka kafa a 2014, ta tara ɗaruruwan kamfanoni masu alkawarin komawa wuta mai sabuntawa ɗungurungum.

A Nijeriya lamarin ya ɗan bambanta. Masana'antu da bankuna da turakun sadarwa da yawa sun dogara ne da janareto ko tashar gas ta kansu, don haka mafi yawan makamashinsu a kaso na farko yake faɗawa, inda takardar shaida ba ta goge komai. Lita nawa aka zuba, ita za a rubuta. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fara rungumar ma'aunin rahoton ɗorewa na duniya mai suna IFRS S1 da S2 da aka fitar a watan Yunin 2023, kuma Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta ƙasar ta tsara cewa bin su zai zama wajibi ga manyan kamfanoni daga 2028.