Terariyam: murfin shi ne magana

Tun da abin ya cika TikTok, duk tsiron da aka jefa cikin kwanon gilashi daga Nima har Madina a Akara ya zama "terariyam". Kwanan baya ma na ji wani a rediyo yana cewa gidan kifi ne. Na kifi akwariyam ne, malam. A Latin aqua ruwa ne, terra kuwa ƙasa: terariyam ɗan lambu ne a cikin rufaffen gilashi.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu tallar buɗaɗɗen kwano da kaktus a ciki, suna rantsuwa wai "yana shayar da kansa". Da wane ruwan? In ba murfi, iskar hunturu ta kwashe laimar cikin 'yan kwanaki. In kuma ka rufe, kaktus ɗin ya ruɓe, don tsiron fako ne.

Asalin abin ma daga murfi ya faro. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya rufe kwalba da jiƙaƙƙiyar ƙasa don ya ga ƙyanƙyasar wani ƙwaro, sai ga tsiro ya fito, ya yi ta rayuwa ba mai ba shi ruwa. Ganye na fitar da tururi, tururin ya kwanta jikin gilashi, ya gangara ƙasa, saiwa ta sake sha. Da rufaffun akwatunan gilashi irin dabararsa Turawa suka kwashi dashen shayi daga Sin zuwa Indiya. Wani Bature kuma, David Latimer, ya shuka nasa a 1960, ya ƙara masa ruwa a 1972, ya toshe bakin, shi ke nan.

Nawa a kwalbar alewa yake: tsakuwa a ƙasa, dakakken gawayin kurfoti a kai, sannan ƙasa, sai gansakukar da na kankaro daga jikin katanga bayan damina. Da asuba gilashin kan yi raɓa, kafin azahar ya washe. In ya yini yana zufa, ruwa ya yi yawa, sai in buɗe shi kwana ɗaya.

Haske yake so, ba rana ba. Ƙanwata ta kai nata taga wai ya sha hantsi. Ranar Akara ba ta san wasa ba. Da la'asar ta kira ni: "Yaya, ya dahu kamar alayyafo."